Zanen Baƙo da Ajiyar Ɗan Gari

Akwai wani irin ciniki a duniya wanda galibin mutanenmu ba su san da zamansa ba, ga shi kuwa har da kayanmu ake yinsa. Shi ne cinikin tsofaffin zane-zane, watau hotunan da aka yi da hannu, da alƙalami da ruwan launi, tun na'urar ɗaukar hoto ba ta yawaita ba. A manyan biranen Turai da na Amurka akwai dillalai waɗanda ba su da wata sana'a sai wannan. Akwai kuma attajirai masu tara irin waɗannan zane-zane kamar yadda makiyayi ke tara shanu, in sun ji wani ya fito kasuwa sai su aika wakili ya tsaya musu wurin gwanjo. Cikin zanen da suke ƙauna ƙwarai akwai na matafiyi wanda ya shiga wata ƙasa mai nisa, ya zana mutanenta da garuruwanta, sa'an nan zamani ya juya, abin da ya gani ya shuɗe.

Ƙasarmu ta Kabi tana cikin ƙasashen da irin waɗannan matafiya suka ratsa. Don haka ya kamata mu san su wa suka zo, me suka zana, ina zanen ya tafi, wa ya ci ribarsa, kuma mene ne ya rage a hannunmu.

Abin da ya hana kakanninmu zana fuska

Mai karatu ya iya tambaya, me ya hana kakanninmu su zana sarakunansu da kansu? Ba rashin gwaninta ba ne. Duk wanda ya dubi aikin riga aska takwas, ko zayyanar da marubuta ke yi wa Alƙur'ani, ko adon da magina ke yi wa soro, ko zanen ƙwarya da na fata, ya san hannun da ya yi waɗannan ba zai kasa fitar da fuskar mutum ba. Abin da ya tsare su shi ne addini. Malamanmu na mazhabar Maliku sun haramta gunki, watau cikakkiyar surar abu mai rai wadda ke da inuwa, wadda aka yi a kan takarda ko bango kuwa sun ce barinta ya fi. Saboda haka masu hikima suka karkata ga zanen abin da ba shi da rai. Kamannin sarki da jaruntakarsa da yaƙe-yaƙensa aka bar wa maroƙa da makaɗa da malamai masu rubuta tarihi.

Shi ya sa yau ba mai iya nuna maka fuskar Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya fita daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Songhai, ya gina Surame. Ganuwar Surame ta duwatsu tana nan, kirarinsa yana nan a bakin mutane, amma kamanninsa sai Allah. Haka kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi cikin 1805. Littattafansa suna nan ana karantawa a zaure, fuskarsa kuwa ba wanda ya zana. Aikin zana mutane da garuruwa yadda ido ke ganinsu, baƙi ne suka fara shi a ƙasar nan.

Amma fa cikin zane-zanen farko da suka fita daga wannan yanki zuwa Turai akwai na hannun mutanenmu. Cikin 1824 wani Baturen Ingila mai suna Clapperton ya iso Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da zai koma, ya tafi da taswirar ƙasashen nan wadda aka zana masa a fadar Bello. Aka buga ta a Landan cikin 1826 a littafin tafiyarsa, masanan Turai suka yi ta nazarinta suna neman inda Kogin Kwara ya nufa.

Zuwan Abdulkarimu

Baƙon da ya fi kowa barin labari da zane na ƙasashen nan shi ne Heinrich Barth, Bajamushe, mutumin Hamburg, wanda aka haifa cikin 1821. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da abokan tafiya biyu, Richardson da Overweg. Suka taso daga Tarabulus cikin 1850, suka ƙetaro Sahara. Richardson ya rasu a ƙasar Barno cikin 1851, Overweg ya bi shi cikin 1852, aka bar Barth shi kaɗai. Ya san Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci, ya kuma sa wa kansa suna Abdulkarimu, da shi aka san shi ko'ina.

Cikin 1853 ya nufo yamma, yana son zuwa Tambutu. Ya biyo ta Katsina, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna Wurno, ya ziyarci Sakkwato, ya iso Gwandu cikin watan Mayu. Sarkin Gwandu a lokacin shi ne Halilu ɗan Abdullahi, mutum mai gudun duniya. Bai yarda sun gana da baƙon ba, amma ya ba shi takardar izinin ratsa ƙasarsa.

A zaman nan na Gwandu Abdulkarimu ya yi babbar tsintuwa. Wani malami ya ara masa littafin Tarikhus Sudan, wanda ke ba da labarin sarakunan Songhai da malaman Tambutu, har da labarin yadda Kanta ya yi musu tawaye. Ya kwana uku ko huɗu yana kwafar abin da ya iya, ya aika Turai, aka buga a Jamus cikin 1855. Shi ya zaci Ahmadu Baba ne ya wallafa littafin, daga baya aka gane Abdurrahman Assa'adi ne, wanda ya rubuta shi wajen tsakiyar ƙarni na 17. Daga akwatin malamin Gwandu Turai ta fara sanin tarihin Songhai sosai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana darajar abin da ke ajiye a gidajenmu.

Farkon watan Yuni, damina ta faɗi, ya bar Gwandu. Ya bi ta Kambaza, ya iso Gulumbe, inda ya yaba gonakin doya da auduga, da ayaba da gwanda da ke bakin fadama. Daga nan ya iso Birnin Kebbi, ya ga kufan tsohon birni a kan tudu, da sabon gari kusa da shi, da faffaɗar fadamar nan ta shinkafa shimfiɗe a ƙasa. Ya ƙetare ta, ya bi ta Zogirma, ya ratsa kwarin Foga inda ake dafa gishiri, ya isa Sayi a bakin Kwara cikin watan nan na Yuni. Ya shiga Tambutu cikin Satumba. Da zai dawo, ya sake biyowa ta Gwandu da Sakkwato cikin 1854, ya koma Landan cikin 1855.

Duk inda ya sauka yana da ɗan littafi a aljihu. Ya rubuta sunan gari, da nisan tafiya, da abin da ake nomawa, da kuɗin kaya a kasuwa. In ya ga wurin da ya ba shi sha'awa kuma sai ya zana shi da fensir cikin hanzari, don ba ko'ina mutane ke yarda su ga baƙo yana rubuta ƙasarsu ba. Na'urar ɗaukar hoto an ƙago ta tun 1839, amma a zamanin nan kayanta suna da nauyi, aikinta yana da wuya, ba ta dace da mai tafiya kan raƙumi ba.

Yadda zane ya zama haja

Da ya koma Turai ya wallafa labarin tafiyarsa cikin littafi mai juzu'i biyar, da Ingilishi da Jamusanci, tsakanin 1857 da 1858. A ciki akwai manyan hotuna 60 masu launi, ban da ƙanana da taswirori. Akwai Kano yadda ake hangenta daga kan Dala, akwai kasuwar Sakkwato, akwai kwarin Foga, akwai Kwara a Sayi, akwai shigarsa Tambutu. Cikin ƙananan akwai hoton yaransa biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga wajen Damagaram, ya bi shi har Turai, daga baya ya dawo, ya rasu a Kano cikin 1912.

To, a nan akwai abin lura. Hotunan nan masu launi ba Abdulkarimu ya ƙarasa su ba. An miƙa zanensa na fensir ga wani gwanin zane Bajamushe mai suna Bernatz, shi ya cika su, ya ƙara mutane da dabbobi da itatuwa, ya daidaita haske da inuwa. Bernatz ya taɓa zuwa Habasha, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Daga hannunsa kuma sai aikin ya koma ga masu ɗab'i. Su kan kwafi zanen a kan wani dutse mai santsi, su shafa tawada, su danna takarda, a sami ɗaruruwa daga zane guda. Ashe hoton da muke gani ya bi ta hannu biyu ko uku kafin ya iso gare mu, kowane hannu kuwa da abin da ya ƙara. Sai mu dube shi yadda alƙali ke duban shaidar da aka ji daga bakin wani: a karɓa, amma a auna.

Littafin bai yi kasuwa ba sa'ad da ya fito. Ya yi tsawo, ya yi tsada, ya cika da sunayen garuruwa waɗanda Turawa ba su iya faɗa. Na wani matafiyi mai suna Livingstone, wanda shi ma ya fito cikin 1857, shi mutane suka yi ta rububi. Abdulkarimu ya rasu a Berlin cikin 1865 yana da shekara 44, bai ga ranar da za a san darajar aikinsa sosai ba.

Amma da tsohuwar zuma ake magani. Da shekaru suka tura, ganuwoyi suka zube, birane suka sake kama, sai bugun farko na littafin ya zama abin nema. Yau in cikakkensa ya fito, wurin gwanjo ake kai shi. Wanda ya yage ko ya rasa wani juzu'i kuwa, dillalai su kan saye shi da araha, su farke ɗinkin, su cire hotunan ɗaya-ɗaya, su sa kowanne cikin gilashi su sayar. Ta haka kasuwar Sakkwato ta 1853 take rataye a ɗakin mutumin da bai san inda Sakkwato take ba, jikokin masu cin kasuwar kuwa da yawansu ba su taɓa ganin hoton ba.

Bayan Abdulkarimu waɗansu sun zo. Tsakanin 1910 da 1912 wani Bajamushe mai suna Frobenius ya zaga Nijeriya yana tara kayan gargajiya, tare da shi akwai mai zane Carl Arriens, wanda ya zana mutane da gidaje da masu sana'a a wurare kamar Ilori da Bida. Zane-zanen nan suna ajiye a birnin Frankfurt na Jamus.

Abin da baƙo bai gani ba

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Sa'ad da Abdulkarimu ya ratsa ƙasar nan ana cikin yaƙi. Tun 1849 Yakubu Nabame ɗan Karari ya ta da tutar Kabawa a Argungu, Zabarmawa da Dandawa da Arawa suka goya masa baya. Baƙon yana tafe ne da takardar Gwandu, cikin kariyar Gwandu, yana kwana a garuruwan da ke bin Gwandu. Bai shiga Argungu ba. Labarin Kabawa daga bakin abokan gabansu ya ji shi, ya kuma rubuta su a matsayin masu tawaye waɗanda suka ɓata hanya. Ba ƙarya ya yi ba, abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Sai dai rabin labari ne.

Yaƙin nan ya daɗe. An yi sulhu cikin 1867, wanda ake kira Lafiyar Toga, ya yi 'yan shekaru ya warware, aka koma fagen fama har zuwan Turawa, waɗanda suka shiga Argungu cikin 1902, suka ci Sakkwato cikin 1903. Gaba ba ta mutu sarai ba sai 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka yi masa babban su don girmamawa. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asalin shahararsa. Duk wannan dogon al'amari, da mazajen da suka faɗi ta kowane gefe, ba za ka same shi a hoton baƙo ba. Mai son sa sai ya nemi ajiyar 'yan gari, ta Gwandu da ta Argungu duka.

Darasi daga Amurka

Don mu ga inda wannan ciniki ke kai mutane, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa inda ya fi ƙarfi. A zamanin da Clapperton da Abdulkarimu ke yawo a nan, Turawan Amurka suna ta matsawa yamma cikin ƙasarsu, suna cin filayen mutanen ƙasar na asali, waɗanda suka laƙaba wa suna Indiyawa. Wani lauya mai suna George Catlin, wanda aka haifa cikin 1796, ya ga al'adun mutanen nan suna gab da shuɗewa. Sai ya bar aikin shari'a ya kama zane. Tsakanin 1830 da 1836 ya yi tafiya biyar zuwa yamma. Cikin 1832 ya hau jirgin ruwa mai hayaƙi ya bi Kogin Missouri har can ƙurya. Ya ziyarci kabilu kusan 50, ya zana sarakunansu da matansu da wasanninsu da farautar ɓauna. Wata kabila mai suna Mandan ya zana su cikin 1832. Bayan shekara biyar, cikin 1837, agana ta faɗa musu, 'yan ƙalilan suka tsira. Zanensa ya zama yana cikin manyan shaidun yadda suka zauna.

Catlin ya tara zane fiye da 500, da riguna da makamai. Ya nuna su a New York cikin 1837, ya kai su Landan, ya kai su Faris cikin 1845, har Sarkin Faransa ya ba shi wuri a fadarsa. Mutane suna biyan kuɗi su shiga kallo. Har Indiyawa masu rai ya riƙa nunawa suna rawa a gaban Turawa, waɗansunsu cuta ta kashe su a can, ba su koma gida ba. Babban burinsa shi ne gwamnatin Amurka ta saye kayan duka ta ajiye wa al'umma. Ya kai kuka Majalisar Dokoki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, aka ƙi. Cikin 1852 bashi ya ci ƙarfinsa. Wani attajiri mai suna Joseph Harrison, wanda ya yi arziki da ƙera kawunan jirgin ƙasa, ya biya bashin ya kwashe kayan, ya jibge su a ma'aikatarsa a Philadelphia, inda waɗansu suka lalace. Catlin ya rasu cikin 1872 bai sake mallakarsu ba. Sai cikin 1879 matar Harrison, bayan rasuwar mijinta, ta ba da su kyauta ga gidan ajiya na Smithsonian a Washington, suna can har yau. Abin da gwamnati ta ƙi saye, sadaka ta kawo mata.

Wani kuma shi ne Charles Russell, wanda ya tafi yankin Montana cikin 1880 yana ɗan shekara 16, ya yi shekaru yana kiwon shanu a kan doki. Da fari kyauta yake ba da zanensa, ko ya sayar a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai da ya yi aure cikin 1896 matarsa Nancy ta karɓi cinikin, ta riƙa yanka kuɗi mai tsoka. Ya rasu cikin 1926. Cikin 2005 aka yi gwanjon zanensa guda ɗaya, na waɗansu Indiyawa mahaya, aka saye shi dala miliyan 5.6.

Me ya sa takarda da launi suka yi wannan tsada? Dalili uku ne. Mai zanen ya mutu, ba za a sami ƙari ba. Abin da ya zana ya shuɗe, ba za a sake ganinsa ba. Gidajen ajiya kuma sun kwashe mafi yawa, ba su sayarwa, saura kaɗan ke yawo a kasuwa, masu nema kuwa suna ƙaruwa. Dillali kuma ba ya sayen zane sai ya bi salsalarsa, wa ya yi shi, yaushe, hannun wa da wa ya bi, domin masu jabu sun yi yawa. Zanen da ke da takardar asali ya ninka wanda ba shi da ita. Jikokin waɗanda aka zana fa? Su sai su yi doguwar tafiya zuwa gidan ajiya su dubi fuskar kakansu ta bayan gilashi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Gidan Kanta

Alhamdu lillahi, mutanen Argungu sun shafa wa nasu ruwa da wuri. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi, wadda aka zauna cikinta har 1942 sa'ad da sarki ya koma sabon gida, ba a bar ta ta zube ba. Ran 1 ga Yuli 1958 aka buɗe ta ta zama gidan ajiye kayan tarihi, aka sa mata sunan Kanta. A ciki akwai masu da takubba, da baka da kibau, da bindigogi, da layu, da tambura, a nan kuma kaburburan sarakuna suke. Waɗannan su ne rabin labarin da Abdulkarimu bai gani ba. Ba a kai su gwanjo ba, ba su ƙetare teku ba. Yaron Argungu ko na Birnin Kebbi yana iya zuwa da ƙafarsa ya gani, ya kuma sami dattijon da zai gaya masa wane ne ya riƙe wannan mashi, a wane yaƙi.

A shekarun nan ne ƙasa duka ta farka. An buɗe gidan tarihi na Jos cikin 1952, an kafa dokar kare kayan tarihi cikin 1953, an buɗe na Ikko cikin 1957. Cikin 1964 gwamnati ta sa kufan Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa. Cikin 1979 aka kafa hukumar da ke kula da gidajen tarihi na Nijeriya duka. Doka ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba tare da izinin hukuma ba. Wanda ke son sanin amfanin wannan doka ya dubi Bini. Sojan Ingila sun kwashe kayan tagulla na fadar Bini cikin 1897, aka watsa su kasuwannin Turai. Sai cikin 2022 Jamus ta sa hannu ta mayar wa Nijeriya mallakar waɗanda ke hannunta, fiye da 1,000. Shekara 125 ke nan ana jira. Fitar kaya kwana ɗaya ne, dawowarsu sai jikoki.

Abin da ya rage gare mu

Kada mai karatu ya ɗauka ana zargin baƙin nan ne. Da Abdulkarimu bai zana ba, da ba mu da hoton Kano ko na kasuwar Sakkwato na zamanin nan ko kaɗan. Ga shi kuma yanzu an ɗauki hoton littafinsa shafi-shafi an sa a intanet, mai waya a hannu yana iya dubawa ba da ko kwabo ba. Ya kamata malaman makaranta su nemo hotunan nan su nuna wa yara, su kuma kai wa dattawa su duba, don dattijo zai gane abin da Bernatz ya ƙara da abin da yake na gaskiya. Takardar tana hannun mai saye, amma sanin abin da ke cikinta yana nan wurinmu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Sa'an nan mu dubi gidajenmu. Gidaje da yawa a ƙasar Gwandu da ta Argungu suna da abin da ya kai a adana: takobin kaka, ko tsohon littafi na rubutun hannu, ko wasiƙar sarki mai hatimi, ko hoton da aka ɗauka ranar naɗin sarauta ko ranar su. Maƙiyan waɗannan kaya uku ne: gara, da ruwan damina, da dillalin da ke zagawa ƙauyuka yana taya tsofaffin kaya da 'yan kuɗi kaɗan. Na ukun ya fi sauran ɓarna, gama abin da gara ta ci an san ya ƙare, wanda dillali ya ɗauka kuwa yana can yana yi wa wani riba, an raba shi da sunansa da labarinsa. In talauci ya matsa, ko gida ba shi da wurin ajiya, gara a kai kayan Gidan Kanta, ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna, a rubuta sunan mai shi, a ba da shi amana ko a bari a ɗauki hotonsa.

Ku kuma da Allah ya nufe ku da koyon karatu da rubutu da girmanku, akwai aikin da ya fi dacewa da ku, ba ya kuwa bukatar kuɗi. Hoto ba shi da baki. Ran da tsohuwar da ta san mutanen da ke cikinsa ta rasu, ya zama takarda kawai. To, tun tana da rai ku zauna da ita. Ku juya bayan hoton ku rubuta da fensir: wane ne wannan, ɗan wane, a wane gari, wace shekara, ko zamanin wane sarki. Takobi ko littafi kuma ku rubuta labarinsa a 'yar takarda ku ajiye tare da shi, a cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa da danshi. Mun ga yadda dillalan Turai ke ninka kuɗin zane saboda takardar asali. In su da ke neman riba sun san darajar wannan, mu da ke neman sanin kakanninmu mun fi su bukata.

Abdulkarimu ya kwana kaɗan a ƙasar nan, ya rubuta abin da ake karantawa bayan shekara fiye da 170. Mu da aka haifa a nan, muka ji daga bakin iyaye, in muka ƙi rubutawa, jikokinmu za su nemi labarinmu wurin baƙo, su kuma biya kuɗi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana, amin.